Famwayar suwic ɗin rumbun bayanai: abin da ake ajiyewa tun kafin a buƙace shi

Da yammacin wata Alhamis aka kira ni wata ma'aikata da ke Garki, nan Abuja, wai ɗaya daga cikin suwic biyu da ke haɗa sabobinsu, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima, da rumbun bayanai ya mutu murus. Ko fitila ɗaya ba ta kamawa. Ma'aikatan da ke saman bene ba su ma san an yi ba, domin ɗan'uwansa ya ci gaba da ɗaukar kayan shi kaɗai, kamar yadda aka tsara tun farko. Bayan kwana huɗu wani suwic ya iso daga Legas a cikin kwali. Muka ɗaura shi, muka kunna, yaron da ke aiki tare da ni ya buga firmwareshow, umarnin da ke nuna sigar famwaya, wato manhajar da ke cikin suwic, ya yi shiru yana kallon allo, sannan ya juyo.

"Oga, tsohuwar siga ce fa a kansa. Saitin da muka ajiye daga sabuwa muka kwafo shi."

Na ce to a ɗaga shi mana. Ya ce da me? Nan fa ake yin ta. Asusun da ake shiga shafin kamfani da shi a sauke famwaya, da sunan wani injiniya aka buɗe shi, shi kuwa ya yi shekara guda da komawa Ingila. Kwangilar kula da kayan ta ƙare ba a sabunta ba. Siga biyu muke nema, wadda ke kan suwic ɗin da ke raye da kuma wata ta tsakiya da dole sai an taka ta kafin a isa can, kuma babu ko ɗaya a hannu. Sai a rana ta uku muka tono su a wata tsohuwar laftof da ke cikin kabad, a wani folda da aka raɗa wa suna "sabo sabo 2". Mako guda cur ma'aikatar nan tana tafiya da ƙafa ɗaya, kuma ba lalacewar ƙarfe ce ta jawo rabin jinkirin ba, rashin fayil biyu ne.

Ga wanda bai saba da ɗakin sabobi ba, bari in ɗan koma baya. A manyan ma'aikatu da bankuna, bayanai ba sa zama a cikin cikin kowace saba. Ana tara su ne a babban rumbu guda mai faifai da yawa, sabobi kuma su riƙa isa gare shi ta wata hanyar sadarwa ta musamman da ake kira SAN. Mafi yawan irin wannan hanya da fasahar Fibre Channel take aiki, wadda aka amince da ƙa'idarta ta farko a 1994, ta taso daga gudun gigabit 1 har ta kai 16, 32 da 64. Suwic shi ne mararrabar da duk wayoyin faiba ke haɗuwa. Famwaya kuwa ita ce manhajar da ke zaune a cikin ƙirjinsa. Ita ke karɓar kowace na'ura idan ta shigo, ta rubuta sunanta a rajista, ta riƙe jadawalin wace saba aka yarda ta ga wane faifai, ta zaɓi hanyar da kaya za su bi idan suwic ya fi ɗaya. Ba irin manhajar wayar hannu ba ce da za a danna "sabunta" a ajiye a tafi sallah. Idan ta yi tuntuɓe, saba ɗari za su iya rasa faifansu a daƙiƙa ɗaya.

Kasuwar nan ta gida biyu ce kusan gaba ɗaya. Akwai Brocade, wanda Broadcom ya saye a ƙarshen 2017, famwayarsa ita ce Fabric OS. Akwai Cisco da jerin MDS 9000, wanda famwayarsa ta fara da sunan SAN-OS daga baya ta koma NX-OS. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne, sau da yawa ba waɗannan sunayen zai gani a goshin na'urar ba. Zai ga Dell Connectrix, ko HPE, ko IBM, ko Lenovo, alhali cikin na Brocade ne ko na Cisco, riga kawai aka sauya. Wannan rigar kuwa tana da nauyi, domin wanda ya sayar maka shi ke faɗin sigar da ya gwada ya yarda da ita, kuma ta ƙofarsa ake bi a samu izinin saukewa. Kowannensu yana da jadawalin abin da ya dace da wane: HPE na da SPOCK, Dell na da E-Lab, IBM na da SSIC, NetApp na da IMT. A nan ake duba ko sigar da kake shirin ɗorawa tana jituwa da rumbunka, da katin faibar da ke bayan sabarka, da direban katin. Na sha ganin wanda ya ɗora sigar da ta fito makon jiya don kawai ita ce sabuwa, ranar da matsala ta taso masu tallafi suka ce masa ba su san da wannan haɗin ba.

Yadda suwic ke karɓar sabuwar famwaya abu ne mai ban sha'awa, kuma fahimtarsa ita ke nuna abin da ya kamata a ajiye. A na Brocade, ma'adanar cikin suwic ta rabu gida biyu, na farko da na biyu, kowanne da cikakken kwafi. Idan ka ba da umarnin firmwaredownload, suwic ɗin ne da kansa zai fita ya ɗauko fayilolin daga wata saba da ka nuna masa, ta ɗaya daga cikin hanyoyin aika fayil, FTP ko SCP ko SFTP, ya zuba su a gida na biyu yayin da yake ci gaba da aiki da na farko. In ya gama sai ya musanya gidajen, ya sake tayar da ƙwaƙwalwarsa da sabuwar siga, in komai ya tafi daidai ya kwafe ta zuwa ɗaya gidan. Ana iya hana shi wannan kwafi na ƙarshe, a bar tsohuwar a gefe har a gamsu. In an gamsu a buga firmwarecommit, in ba a gamsu ba a buga firmwarerestore a koma gidan jiya. Amma da zarar an tabbatar, tsohuwar siga ta bar suwic ɗin ke nan. Wanda ke tunanin na'urar na riƙe masa da tsohuwa har abada, ya yi kuskure. In kana son ta bayan wata uku, sai dai a rumbunka.

A na Cisco MDS, fayil biyu ne ke tafiya tare, ɗaya ake kira kickstart ɗaya system, kuma dole sigarsu ta zama ɗaya. Kai ne za ka kwafe su zuwa ma'adanar suwic da ake kira bootflash, ka tambaye shi da show install all impact ya gaya maka ko aikin zai katse zirga-zirga, sannan ka ba da install all. Ma'adanar ba ta da yalwa sosai, don haka a kan goge tsofaffin fayiloli a samu wuri, kuma a nan ne mutane ke goge abin da ba su da kwafinsa a ko'ina. Sunayen fayilolin ma tarko ne. Na 9148S daban, na 9148T daban, bambancin haruffa kaɗan ne a tsakiyar dogon suna, idon da ya kwana bai yi barci ba ba zai gani ba.

To ta yaya ake sake tayar da suwic ba tare da sabobi sun ji ba? Sirrin shi ne aikin ya rabu. Akwai guntun ƙarfen da ke tura kaya daga wannan ƙofa zuwa waccan, akwai kuma ƙwaƙwalwar da ke ba shi umarni. Lokacin sabuntawa ƙwaƙwalwar ce ke lumshe ido na ɗan lokaci, ƙarfen kuwa yana ci gaba da tura kaya bisa umarnin ƙarshe da aka ba shi, kamar ma'aikatan tasha da ke ci gaba da lodi alhali shugaba ya shiga masallaci. Wanda ke ciki yana ciki. Amma baƙon da ya iso a wannan tsakanin ba mai rubuta sunansa. Shi ya sa ba a sake kunna saba, ba a taɓa jadawalin izini, ba a zare waya, har sai suwic ya dawo hayyacinsa. Manyan suwic da ake kira darakta, irin su X6 da X7 na Brocade ko MDS 9700 na Cisco, ƙwaƙwalwa biyu gare su, a sabunta mai jiran gado tukuna, a miƙa mata mulki, sannan a sabunta ɗayar.

Wannan sauƙin yana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya sa ajiyar famwaya ta wuce ajiye fayil ɗaya. Ba a tsallake matakala. A Fabric OS, sabuntawa ba tare da katsewa ba yawanci daga babbar siga ce zuwa mai bi mata: daga 8.2 zuwa 9.0, daga 9.0 zuwa 9.1, haka. Cisco ma yana da jadawalin daga ina ake zuwa ina a takardar bayanin kowace siga. Wanda ya yi shekara biyar bai taɓa suwic ɗinsa ba, ranar da ya tashi ba tsalle ɗaya zai yi ba, biyu ne ko uku, kowanne da fayilinsa da takardarsa da darensa. Wani lokacin ma matakalar ta ƙare: suwic masu gudun gigabit 16 irin 6505 da 6510, waɗanda har yanzu suna cike da ɗakunan sabobi a garin nan, a jerin 8.2 suka tsaya, jerin 9 bai karɓe su ba.

Wani zai ce, ai duk suna shafin kamfani, in na buƙata na sauke. A Turai ma wannan magana tana da rauni, balle a nan. Ƙofar saukewa a ɗaure take da kwangilar tallafi, kwangilar kuwa da dala ake biyan ta. A tsakiyar 2023, kafin Babban Banki ya saki farashin canji, dala tana wajen naira 460 a hukumance. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Kasafin da aka rubuta don sabunta kwangilar kaya uku ya koma ba ya isar ɗaya, kuma kowa ya san wadda ake fara jinginewa ita ce ta na'urar da ba ta taɓa ba da matsala ba. Broadcom ya ƙara ɗaure igiyar a jerin 9, inda na'urori da dama ke neman wata takardar shaida mai suna TruFOS kafin su yarda a ɗaga su, ita kuma sai mai kwangila mai rai ke samun ta. Sannan kamfanoni kan janye tsofaffin sigogi daga shafinsu idan wa'adinsu ya cika. Ko da kwangilarka na raye, akwai ranar da hanyar kanta ke yankewa. Ranar 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka wuni suna rarrafe. Wanda suwic ɗinsa ya zaɓi wannan makon ya mutu, fayil mai nauyin gigabait sai dai ya gan shi a mafarki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da nake ajiyewa ga kowane samfurin suwic da ke hannuna bai da yawa. Sigar da ke kansa yanzu, wadda ta gabace ta, wadda nake shirin zuwa, da duk ta tsakiya da ke kan matakalar. Nakan ƙara da sigogin da na san sabon kaya kan iso da su daga ma'ajiyar dillali, saboda abin da ya same mu a Garki. Kowace siga ina riƙe ta a dunƙulenta na asali yadda ta sauko, ban warware ba, kusa da ita kuma wadda aka warware don amfani. Tare da su akwai takardar bayanin sigar, wadda mutane ke rainawa alhali ita ce taswira, domin ranar da aka janye sigar daga shafi takardar ma tana iya bin ta. Sai ƙaramin fayil na rubutu: ranar da aka sauke, wa ya sauke, daga ƙofar wane kamfani, da lambar tantancewa.

Lambar tantancewar nan ta cancanci a tsaya a kanta. Wani lissafi ne da ake bi da fayil ta cikinsa, ya fitar da jerin haruffa da lambobi wanda in ko ɗigo ɗaya ya canja a fayil ɗin, jerin zai canja gaba ɗaya. Kamfani yana wallafa nasa, kai ma ka lissafa naka, ka gwada. Da irin intanet ɗinmu da ke tsinkewa a tsakiyar saukewa ya ɗora daga inda ya ga dama, wannan ba ƙawa ba ce. MD5 ya isa ya kama fayil da ya lalace a hanya, amma tun 2004 masana suka nuna ana iya ƙirƙiro fayil biyu daban masu lambar MD5 iri ɗaya, don haka in maganar tsoron maguɗi ce, SHA-256 ko SHA-512 ake dubawa inda kamfani ya bayar. A lissafa lokacin saukewa, a sake lissafawa daren da za a yi aiki. Filashi ma yana ruɓewa a aljihun tebur.

Wajen warware dunƙulen Brocade akwai wani ƙaramin rami da ya kayar da mutane da yawa. Wasu manhajojin warwarewa na Windows, irin WinZip, suna da wani zaɓi da ke gyara ƙarshen layuka a fayilolin tar, wato irin dunƙulen da famwayar ke zuwa a ciki, da niyyar taimako, sai su ɓata fayilolin ba tare da sun ce uffan ba. Suwic ya ɗauko, ya ƙi, kai kuma kana ta zargin waya. Ni dai a kan Linux nake warwarewa. Sannan hanyar da za ka nuna wa suwic ta tsaya daidai kan foldar sigar, wadda ke ɗauke da ƙananan foldoji masu suna SWBD, ba ta samanta ba, ba ta ƙasanta ba.

Ina za a ajiye? A nan ne na fi ganin wauta daga masu ilimi. Sau uku ina tarar da sabar famwaya a matsayin saba ta cikin manhaja, wato wadda ba ta da ƙarfenta na kanta, wadda faifanta ke zaune a kan rumbun da suwic ɗin ke kai wa. Wato an kulle ɗaki, an bar makullin a ciki. Ranar lafiya komai yana aiki. Ranar da SAN ya faɗi, wadda ita ce ranar da aka ajiye fayilolin dominta, sabar ma ta faɗi tare da shi. Ƙaramar kwamfuta mai faifanta na kanta, a kan layin gudanarwa, ta fi wannan nesa ba kusa ba, ko da tsohuwa ce da aka yi ritayarta daga teburin sakatare. A ba suwic asusun da ke karatu kawai ba ya rubutu. A yi amfani da SFTP ko SCP, domin FTP tsirara yake aika kalmar sirri. Kwafi na biyu ya zauna a faifan da ba a jone yake ba, cikin akwatin ƙarfe, in da hali a wani gini daban. Manhajojin gudanarwa irin SANnav na Brocade da Nexus Dashboard na Cisco suna da nasu ma'ajiyar famwaya, kuma suna sauƙaƙa ɗaga suwic da yawa a jere, amma su ma galibi a kan saba ta cikin manhaja suke zaune, don haka ban ɗauke su a matsayin rumbu ba, tebur ne na aiki. Mai shirin dogara da ƙofar USB ta suwic ɗin Brocade kuma ya gwada tun yau, domin an san su da ƙin filashin da ba nasu ba. Wanda ka sayo a kasuwar Banex da safe ba lalle ya karɓu da dare ba.

Famwaya ba tare da saiti ba rabin magani ce. Kafin a taɓa komai a kwafe saitin suwic, configupload a Brocade, kwafin running-config a Cisco, a rubuta sigar da aka kwafo shi daga kanta a cikin sunan fayil, saboda saitin sabuwar siga ba dole tsohuwa ta fahimce shi ba. A ajiye lambobin lasisi, musamman na buɗe ƙarin ƙofofi, waɗanda a ɗaure suke da na'ura guda. Waɗannan fayilolin taswirar gidanka ce gaba ɗaya, ba abin turawa a WhatsApp ba ne.

Tun da na ambaci WhatsApp: akwai zaurukan 'yan sana'a inda za ka ga wani ya rubuta, "Don Allah wa ke da siga kaza?", bayan minti goma wani ya jefo mahaɗi. Na fahimci matsin da ke kai mutum nan, na taɓa shigarsa. Amma ban da cewa lasisin bai yarda ba, kana shirin ɗora abin da ba ka san hannun da ya bi ba a kan na'urar da duk bayanan ma'aikatarka ke ratsawa. Ajiye abin da ka sauke da haƙƙinka lokacin da kwangilarka ke raye daban, roƙo a kasuwa daban.

Saura tambayar yaushe. Ba na cikin masu rige-rigen sabuwar siga. Brocade kan ware wasu sigogi da suka daɗe a hannun jama'a ba tare da babbar matsala ba ya kira su Target Path, Cisco ma yana wallafa waɗanda yake ba da shawara a kai, ni a nan nake tsayawa. Amma masu cewa "tun da yana aiki kar a taɓa" su ma ba su tsira ba. A watan Afrilun 2025 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta saka wata ɓaraka ta Fabric OS jerin 9.1 a cikin jerin waɗanda aka tabbatar maɓarnata na amfani da su, ɓarakar da ke ba mai asusun gudanarwa damar mallake na'urar har gindinta. Maganinta sabuwar siga ce. Wanda ya bar matakala ta taru masa, ranar irin wannan sanarwa gaba kura ce baya sayaki: ya zauna da ɓaraka, ko ya yi tsalle uku cikin gaggawa. Sau ɗaya a shekara ya ishi mafi yawan wurare.

Daren aikin kansa, layi ɗaya ake taɓawa. SAN na kirki layi biyu ne da ba sa haɗuwa, A da B, kowace saba tana da ƙafa a kowanne. Kafin a fara a bi sabobin ɗaya bayan ɗaya a tabbatar kowace tana ganin faifanta ta hanyoyin biyu, domin kusan kullum akwai guda da wayarta ɗaya ta mutu tun bara ba wanda ya kula. A ɗaga A, a bar shi ya kwana biyu ko mako, sannan a waiwayi B. Ba a yi a ƙarshen wata lokacin biyan albashi. A nan Abuja kuma akwai abin da takardun kamfani ba su rubuta ba: nakan sauka da kaina in duba man janareta, in tambayi shekarun batiran UPS, in kuma ɗaga kai in dubi gabas in damina ce. Gidajen nan biyu na cikin suwic suna ba da kariya in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, amma ban taɓa sha'awar gwada iyakar kariyar da ƙarfe biyu na dare ba.

Ma'aikatar Garki yanzu tana da wata tsohuwar kwamfuta a ƙasan rak na uku, wato kantar ƙarfen da ake jera na'urori, an manna mata takarda an rubuta "kar a kashe". Asusun shafin kamfani ya koma kan adireshin imel na sashe, mutum uku ke da makullinsa. Duk wata shida yaron nan yakan sake lissafa lambobin tantancewa, ya sa suwic ɗin gwaji ya ɗauko siga ɗaya daga kwamfutar don a ga hanyar na nan. A zagayen da ya wuce ya kira ni, ya ce faifan da ke cikin akwatin ƙarfe ya ƙi buɗewa, ya sayo wani ya sake kwafa.